Labarin Rasuwar da Muka Kai wa Gada

Yayana ya rasu ana gab da faɗuwar damina. Ya ɗauko taki a babur daga kasuwa zai kai gona, mota ta buge shi a hanya. Ba zan tsawaita wannan ba. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan da Inna ta haifa, Baba kuwa ya daɗe da rasuwa.

A zaman makoki Inna ba ta yi kuka ba. Duk wadda ta shigo ta yi mata gaisuwa sai ta amsa a nutse, har ta tambaye ta mutanen gida. Mata suka riƙa yaba haƙurinta. Ni ce na lura kwanon da aka ajiye mata da safe shi ake ɗaukewa da yamma, ko murfinsa ba ta ɗaga ba. Na ce a raina zafin mutuwar ne, idan jama'a suka watse za ta ci. Jama'a suka watse, ba ta ci ba.

Na ɗauko ta na dawo da ita gidana, domin ƙauyen da nake aure ba shi da nisa da namu, duk a ƙasar Makoda muke. Na yi mata tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa irin wadda take so. Na yi ɗanwake, na yi fate, na dama kunun tsamiya. Kunun kawai take ɗan kurɓa, shi ma don kada in tsaya a kanta. Muka kai ta asibiti, aka auna ta, aka ce ba a ga wani ciwo ba, aka ba mu maganin ƙarin jini. Zanin da take ɗaurawa ya fara zagaye ta har ya yi saura. Idan ta tashi daga sujada sai ta dafa bango. Na fara jin tsoron zan rasa ta kafin gero ya nuna.

Wata rana da hantsi ina tsinkar zogale a tsakar gida, tana zaune a tabarma, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Ba a gaya wa gada ba."

Na ajiye zogalen. Na san abin da take nufi, ko da yake rabon da in ji ta ambaci wannan magana tun ina yarinya.

Inna 'yar gidan Maguzawa ce. Ta musulunta da za ta auri Baba, kuma ban taɓa ganin salla ta wuce ta ba. Danginta da suka rage yawancinsu coci suke zuwa yanzu. Amma a gidan mahaifinta suna da abin da suke kira kan gida, wato wata dabba da suka ɗauka 'yar'uwarsu ce, ba sa kashe ta, ba sa cin namanta. Tasu gada ce, 'yar ƙaramar dabbar dajin nan mai kama da akuya. Idan aka yi haihuwa a gidan, babba zai fita bakin daji ya jira har ya hango gada, ya sanar da ita. Idan aka yi mutuwa ma haka.

Na ce, "Inna, ai wannan abin da ne. Mun bar shi."

Ta ce, "Na bar tsafi, na bar giya, na bar komai. Wannan ba bauta ba ce. Da na haifi yayanki, mahaifina da ƙafarsa ya je ya gaya mata. Ke da aka haife ki ya riga ya mutu, ba wanda ya je, shi ya sa ba ta san ki ba. Amma shi ta san shi. Wanda aka gaya wa haihuwa, a ɓoye masa mutuwa? Idan gwaggonki aka yi wa haka, za ta ƙara taka gidan nan?"

"To shi ne ya hana ki cin abinci?"

"Ina ɗaga loma sai in tuna akwai wadda ba ta ji ba. Sai ta ƙi wucewa."

Da maigidana ya dawo daga gona na gaya masa. Ya ce zai tambaya. Ya je wurin wani tsoho da ya yi farauta a ƙuruciyarsa. Tsohon ya yi dariya, ya ce gada a ƙasar nan? A ina za ta kwanta? Gaskiyarsa ne. Daga ƙofar gidanmu har inda ido ya tsaya gona ce ke manne da gona, iyakar wani ita ce kunyar wani. Itatuwan da suka rage, gawo da ɗorawa da kuka, kowanne da mai shi. Kurmin da kakana yake zuwa, wanda Inna ke cewa da rana tsaka ma duhu ne a cikinsa, yanzu rabinsa gonar albasa ce, rabinsa an yanka filaye an fara ɗora bulo. Ko burtalin shanu an cinye shi saura 'yar siririyar hanya. Zomo ma sai mutum ya yi shekara bai gani ba. Tsohon ya ce idan busasshiyar fata muke so, ana samu wurin masu magani a kasuwa. Wannan ban gaya wa Inna ba.

Ana cikin haka taubashina ya zo. Ɗan yayan Inna ne, Kirista, direba ne, yana ɗauko dankalin Turawa da kabeji daga wajen Jos yana kawowa Kano. Ya zo gaisuwa tun farko, wannan karon ya biyo ne ya duba gwaggonsa. Tun daga zaure ya fara:

"Ina baiwar nan tawa? A fito a karɓi kayan ubangida."

Na ce, "Ubangidan da ke warin kabeji? Shigo dai, kada ka kore mana kaji."

Ya shigo yana dariya. Da ya ga Inna sai dariyar ta tsaya. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya daɗe bai ɗago ba. Da muka koma gefe ya ce, "Ke, yunwa kike gana wa Gwaggo? Na san ba ki iya tuwo ba, amma abin bai kai haka ba."

Na gaya masa komai. Na zaci zai yi mini tsiya, sai na ga ya sunkuyar da kai. Ya ce shi ma mahaifinsa har ya mutu bai ci naman gada ba, duk da shi ne mai buga ganga a coci. Sannan ya ce akwai wani wuri a kan dutse, can wajen da yake ɗauko kaya, inda ake adana namun dajin ƙasarmu don kada su ƙare. Ya taɓa kai yaransa. Yana jin ya ga gada a can.

Ya koma wurin Inna ya ce, "Gwaggo, akwai gada, amma da nisa. Sai dai fa wadda Kaka ya gaya wa, ai ta daɗe da zama ƙasa."

Inna ta ce, "Gada ɗaya ce duk inda take. Yaushe za ka koma?"

Ranar ce na fara ganin ta ɗaga kai ta dubi mutum sosai tun bayan rasuwar.

Maigidana bai hana ba, amma hankalinsa bai kwanta ba. Lokacin noman farko ne, ba zai iya barin gona ba. Ya kira ni ɗaki ya ce, "Ki kai ta. Amma ki kula, kada a roƙi dabba komai, kada a yanka komai, kada a zuba komai a ƙasa." Inna ta jiyo shi daga tsakar gida, ta ce, "Malam, sanarwa ce kawai. Roƙo na Allah ne." Ni kaina ban san inda zan ajiye abin a zuciyata ba. Abin da na sani shi ne uwata tana ƙarewa a gabana, kuma ba ni da wata dabara.

Muka tafi a gaban motar taubashina, Inna a tsakiya. Ban taɓa wuce Kano ba sai ranar. Tun muna ganin ƙasa shimfiɗe irin tamu har ta fara tashi, duwatsu suka fito, wasu a ɗore kan wasu kamar da hannu aka jera su. Iska ta yi sanyi. Taubashina ya tsaya ya ciro rigar sanyinsa ya sa wa Inna, hannuwan rigar suka rufe yatsunta. Muka kwana a gidansa, domin a can yake zaune da iyalinsa. Matarsa ta yi gwate mai zafi, irin faten mutanen can, ta yi ta lallashi, Inna ta sa mata albarka ta ce sai gobe.

Da safe muka nufi wurin. A bakin ƙofa taubashina ya yanki tikiti, ni kuma na sayi dafaffen dankali a wurin wata mata na ƙulle a leda, ko da za a buƙata. Abin da ban yi tunani ba shi ne hawa. An yi wurin a jikin dutse, hanya tana nannaɗewa tana yin sama, wani wuri matakala, wani wuri tsakuwa. Kowace dabba an kewaye mata yankinta da ragar ƙarfe, da itatuwanta da duwatsunta a ciki. Muka wuce birai, muka wuce jimina. Kura tana kwance a bakin raminta, ko kallonmu ba ta yi ba. Duk waɗannan a tatsuniya na san su, amma ban tsaya ba, idona yana kan ƙafafun Inna.

Wuri ɗaya ta tsaya da kanta. Wasu dogayen tsuntsaye ne masu tukku kamar zinariya a ka, ɗaya ya buɗe baki ya yi wani kuka mai kauri.

Ta ce, "Gauraka. Da a fadamarmu suke sauka, garke guda. Ashe nan kuka dawo."

Ta ci gaba da hawa. Ba mu yi nisa ba gwiwoyinta suka ƙi. Ta zauna a kan dutse tana haki, leɓunanta sun bushe. Taubashina ya juya mata baya ya durƙusa.

"Hau, Gwaggo."

"Kai, tashi ka ba ni wuri. Ni za ka goya? Ni da na goye ka kana jiƙa mini zani?"

"To yau ranar ramuwa ce. Idan kin ga dama ke ma ki jiƙa mini riga."

Ta kai masa duka a kafaɗa, duka marar ƙarfi, sannan ta hau. Da ya miƙe sai ya waiwayo ya dube ni. Daga baya ya gaya mini rabin buhun dankali ya fi ta nauyi.

A can sama muka tarar da mai kula da dabbobin wajen, wani dattijo da takalmin ruwa da bokiti a hannu. Taubashina ya gaishe shi ya ce gada muke nema. Ya nuna mana wani lungu a bayan wani babban dutse, nesa da hayaniya. Ya ce da gangan aka sa ta can, domin ba ta son motsi. Ya ce mafarauta ne suka ɗana tarko ya kama ta a ƙafa, wani manomi ya cire ta ya kawo, aka yi jinyarta har ta warke, amma ba za ta iya gudu kamar da ba, shi ya sa ba a mayar da ita daji ba.

Ya ce, "Sai kun yi haƙuri fa, Mama. Wani ya zo ya wuni bai gan ta ba."

Inna ta ce, "Ba sauri muke ba."

Akwai benci a wurin, amma ba ta zauna a kai ba. Ta cire takalmanta ta ajiye gefe kamar mai shiga ɗakin mutane, ta gyara lulluɓinta, ta matsa kusa da ragar ta zauna a ƙasa. Ta yi sallama a hankali. Mai kula da wurin ya dube ni, ya dubi taubashina. Taubashina ya ce masa, "Ziyara ce." Dattijon bai tambayi komai ba, ya ajiye bokitinsa ya tsaya daga nesa.

Ba abin da muke gani a ciki sai ciyawa da 'yan bishiyoyi da wata 'yar rumfa. Muka jira. Gajimare ya sauko har ya rufe kan dutsen da ke gabanmu. Wasu matasa suka zo suna ɗaukar hoto suna dariya, suka leƙa, suka ce ba komai a nan, suka wuce. Na fara tunanin abin da zan yi idan gadar ba ta fito ba, in sauko da Inna daga dutsen nan yadda na hau da ita. Na yi ta salati a zuciyata, ban san me nake roƙo ba, ko ta fito, ko Allah ya yafe mini zuwan.

Sai ciyawa ta motsa. Gadar ta fito a hankali, tana ɗingisa ƙafar baya. Ba ta kai akuyar gidanmu ba. Launinta kamar ƙasar gona bayan ruwa, kunnuwanta manya, da baƙin layi daga goshi zuwa hanci. A ƙarƙashin kowane ido akwai wani baƙin zane, kamar kwalli ya zubo. Ta tsaya tana shinshina iska, duk jikinta yana rawa.

Inna ta ce, "Sannu. Mun same ku lafiya? Ya sanyi? Ya ƙafar?"

Ta yi shiru tsakanin kowace gaisuwa, kamar yadda ake bai wa mutum dama ya amsa. Sannan ta faɗi ko ita 'yar gidan wane ce, ta ambaci mahaifinta da kakanta da sunan tsohon ƙauyensu. Ta nemi gafarar daɗewar da aka yi ba a zo ba, ta ce ba raini ba ne, hanya ce ta ɓace.

Ina ta jiran ta faɗi abin da ya kawo mu. Sai ta juya wurin mai kula da wurin.

"Malam, ina sauran?"

"Wane saura, Mama?"

"'Yan'uwanta. Mijinta, ko 'ya'ya."

"Ita kaɗai ce. Muna ta neman wata mu haɗa su, ba mu samu ba tukuna. Sun yi wuya yanzu."

"Ita kaɗai take kwana a nan?"

"Ita kaɗai."

Inna ta daɗe tana kallon ƙasa. Na ga hannunta yana murza bakin mayafinta. Da ta ɗago sai ta sassauta murya, ta ce:

"Yaron nan da mahaifina ya zo ya gaya miki an haifa. Na fari. To, jikin nasa ya yi tsanani."

Nan ta tsaya.

A wajenmu ba a jefa wa mutum labarin mutuwa idan yana nesa da gida, ko yana shi kaɗai ba mai riƙe shi. Sai a ce masa jikin wane ya yi tsanani, ya zo. Duk wanda ya girma a cikinmu ya san abin da hakan ke nufi, amma ana barinsa ya ƙarasa da kansa, a hanya, a hankali. Inna ta yi wannan doguwar tafiya don ta faɗi kalma ɗaya, da ta ga gada ita kaɗai a bayan raga sai ta kasa yi mata abin da ba a yi wa mutum.

Gadar ta kaɗa kunne. Ta dube mu, ko ta dubi wani abu a bayanmu, ban sani ba. Sannan ta koma bakin rumfarta ta kwanta, ta naɗe ƙafafu.

Inna ta ce, "Ta gane."

A nan ne kukan ya zo mata. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kifa goshinta a jikin ragar, kafaɗunta suna girgiza, tana kiran yayana da sunan da take kiransa yana yaro, wanda ban ƙara ji ba tun ina ƙarama. Na zauna a bayanta na riƙe ta. Taubashina ya cire hularsa ya juya yana kallon duwatsu.

Da ta lafa na ce, "Inna, an isar. Mu sauka, ana shirin ruwa."

Ta ce, "Mu sauka? A gaya wa mutum wannan magana a tashi a bar shi? Wa zai zauna da ita?"

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na ɗauka idan ta faɗa ta sauke kaya ke nan. Ashe a wurinta yanzu aka fara zaman makoki.

Aka fara yayyafi. Taubashina ya samo lema a wurin dattijon ya riƙe mata. Na nemi ruwa muka yi alwala, muka yi azahar a kan dutse, ta koma wurinta. Can dattijon ya buɗe wata 'yar ƙofa ta baya ya shiga da bokitinsa, ya zuba ganye da karas da ɓawon dankali a wani faranti, ya fito. Gadar ta dubi farantin, ba ta tashi ba.

Inna ta ce, "Kun gani? Ta ƙi ci."

Dattijon ya ce, "A'a, Mama, ai ita dama idan da mutane a..."

Taubashina ya dafa masa hannu. Dattijon ya dubi fuskar Inna, ya dubi wuyan hannunta da ya fito daga rigar sanyi, ya haɗiye sauran maganar.

Inna ta matsa jikin ragar. "Haba, ki daure ki sa wani abu a cikinki. Haƙuri za ki yi. Ga ki ba ƙarfi, ga ciwon ƙafa. Ko kaɗan ne." Duk maganganun da na yi ta faɗa mata a tsakar gidana, su take faɗa, har da yadda nake jan muryata. Gadar ba ta motsa ba.

Sai Inna ta miƙo mini hannu ta baya, ba ta waiwayo ba.

"Ba ni abin nan da kika saya."

Na kwance ledar na miƙa mata. Dankalin ya huce. Ta ɓare ɗaya, ta ɗaga shi yadda gadar za ta gani, ta gutsura. Ta daɗe tana taunawa. Na ga maƙogwaronta ya motsa, ya wuce.

Ta ce, "Kin ga, ni ma ina ci. Ni da na haife shi."

Ta cinye wannan, ta ɓare wani ta ci rabi. Na kawar da kaina don kada ta ga fuskata ta fasa. Taubashina ya sunkuyo ya raɗa mini, "Kin gani ko? Dama girkinki ne matsalar."

Gadar dai har la'asar ba ta taɓa farantin ba. Da lokacin rufewa ya yi, dattijon ya zo ya durƙusa kusa da Inna ya ce dole a sauka, doka ce, ko shi ba ya kwana a nan. Ta ce a bar ta ita kaɗai, ba za ta dami kowa ba, tabarma kawai take so. Ya yi ta ba ta haƙuri. Ya ce ya yi mata alkawari ba zai tafi gida ba sai ya ga gadar ta ci. Ba ta gamsu ba. Sai taubashina ya ce:

"Gwaggo, ni ba ɗan gidan ba ne? Ai ni ma jikan Kaka ne. Ki bar mini ita. Zan riƙa zuwa ina duba ta, in kira ki in gaya miki."

Ta dube shi da kyau. "Za ka zo?"

"Zan zo."

Ta yi wa gadar sallama, ta ce Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Ta sa takalmanta. A saukowa ba ta yi gardamar goyo ba, amma kanta yana waiwaye har dutsen ya kare lungun.

Mun dawo gida gero ya kai gwiwa. Washegari da rana na kai mata tuwo, na zauna ina kallo. Ta ɗaga murfin, ta mayar.

"Kira shi. Ki ji ko ta ci."

Na kira, na sa mata wayar a kunne. Ina jin muryarsa daga inda nake. "Ta ci, Gwaggo! Ta share farantin tas, har tana harara ta wai ban kawo ƙari ba." Inna ta ce alhamdu lillahi, ta wanke hannu, ta ci loma kaɗan. Ba da yawa ba, amma ta ci.

Haka muke tun daga ranar. Kullum idan na sauke tukunyar rana sai na kira shi. Da farko na san yana zuwa, domin ya taɓa turo hoto a wayar maigidana, ga gadar a bakin rumfarta. Amma mutum ne mai iyali, kuma a kan hanya yake neman abincinsa. Yanzu idan ya ɗauka ina jin ƙarar inji, ko hayaniyar 'yan dako a kasuwar Kano, yana cewa yanzun nan ya sauko daga dutsen. Inna ma kunnenta ƙalau yake. Wata rana da ta miƙo mini wayar ta ce, "Yaron nan akwai baki, Allah ya yi masa albarka." Sannan ta jawo kwanon. Ban san iyakar abin da ta sani ba. Ni ma ban tambaye shi yaushe rabonsa da wurin ba, ko an samo wa gadar 'yar'uwa, ko tana nan ma.

Inna ta ɗan yi ƙarfi. Tana tashi daga sujada ba dafa bango, tana taya ni ɓarar gyaɗa. Maigidana ya ce mu gode wa Allah, kuma ina godewa. Amma ranar da wayar ba ta shiga ba, ranar ba ta ci. An yi haka a watan jiya, motarsa ta lalace a inda ba sabis, ta wuni da ruwa kawai. Na ce mata bari in kira matarsa, ta ce matarsa ba 'yar gidan ba ce. Na ce to ni fa, in ce miki ta ci? Ta ce, "Ke ina kika gan ta?"

Yau ma tun azahar nake kiransa, ana cewa wayarsa a kashe take. Inna tana zaune a inuwar rumbu, kwanon yana gabanta a rufe. Na mayar da miyar kan wuta, na rage itacen don kada ta ƙone, na sake dannawa.